Ƙungiyar Masana Kimiyyar Binciken Laifuka ta Amurka: Kafuwarta, Bunƙasarta da Iyakar Ikonta

Kimiyyar binciken laifuka, wato amfani da ilimin likitanci da na sinadarai da sauran fannonin kimiyya wajen amsa tambayoyin da ke gaban kotu, ta girmi ƙungiyoyin masu aikinta da shekaru masu yawa. Tun a 1910 Edmond Locard ya buɗe ɗakin gwaje-gwaje na 'yan sanda a birnin Lyon na Faransa, a Amurka kuma rundunar 'yan sandan Los Angeles ta samu nata a 1923, birnin Chicago ya biyo baya a 1929 bayan kisan gillar da wasu 'yan daba suka yi wa mutum 7 a wani garejin mota, sannan hukumar FBI ta buɗe nata a 1932. Sai dai kuma kowane ɗaya daga cikin waɗannan wurare yana aiki ne shi kaɗai, ta yadda likitan da ke feɗe gawa a wata jiha bai san abin da masanin guba ya gano a wata ba, kuma babu wani zaure da za a kira mutum a tambaye shi dalilin da ya sa ya yarda da hanyar da yake bi. Wannan giɓi ne ya haifar da ƙungiyar da ake kira American Academy of Forensic Sciences, ko AAFS a taƙaice, wadda tarihinta ya cancanci nazari saboda yana nuna abin da haɗuwar ƙwararru ke iya gyarawa, yana kuma nuna inda ƙarfinta yake ƙarewa.

Domin a gane halin da aka kafa ƙungiyar a cikinsa, dole a san yadda ake binciken mutuwa a Amurka a wancan zamani. Ƙasar ta gaji wani muƙami daga Ingila mai suna coroner, wato jami'in da doka ta ɗora wa alhakin bayyana sanadin duk mutuwar da ta zo ba zato ko take da alamar tambaya, kuma a yawancin gundumomi ana samun wannan kujera ce ta hanyar zaɓe, ba tare da an sharɗanta cewa mai neman ta ya karanta likitanci ba. Saboda haka mai sana'ar shirya jana'iza, ko ɗan siyasar da jam'iyya ke son saka wa, yana iya zama wanda zai rubuta cewa wane ya mutu da ciwon zuciya alhali guba aka ba shi. Jihar Massachusetts ta soke wannan tsari a 1877 ta maye gurbinsa da likitoci, birnin New York ma ya yi haka a 1918 lokacin da aka naɗa Dakta Charles Norris babban likitan binciken gawa, shi kuma ya ɗauko masanin sinadarai Alexander Gettler, wanda ya shafe shekaru yana ƙirƙiro hanyoyin gano guba a hanta da ƙwaƙwalwar mamaci. Amma waɗannan wurare tsiraru ne, kuma har zuwa ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu mafi yawan ƙasar tana kan tsohon tsari.

Akwai kuma matsala ta biyu da ta fi wannan zurfi, wadda ta shafi matsayin ƙwararre a gaban kotu. Shaida na yau da kullum yana faɗin abin da ya gani ko ya ji ne kawai, amma ƙwararre an ba shi damar faɗin ra'ayinsa, kuma masu taya alƙali yanke hukunci, waɗanda mutanen gari ne da aka zaɓo ba tare da sun san kimiyya ba, sukan ɗauki maganarsa tamkar yankan wuƙa. A 1923 wata kotun ɗaukaka ƙara a Washington ta yanke, a shari'ar da aka sani da sunan Frye, cewa ba za a karɓi wata hanyar kimiyya a matsayin hujja ba sai ta samu karɓuwa a wurin masana fannin da ta fito daga cikinsa. Wannan hukunci ya ɗauka cewa akwai wata jama'a ta masana da ke zama ta auna hanyoyi ta tace su, alhali a lokacin babu irin wannan jama'a a mafi yawan rassan binciken laifuka.

Mutumin da ya ɗauki nauyin tara su shi ne Dakta Rutherford B. H. Gradwohl, likita masanin gwaje-gwajen asibiti wanda ke shugabantar ɗakin binciken 'yan sandan birnin St. Louis a jihar Missouri, kuma marubucin wani babban littafi kan hanyoyin gwajin asibiti da aka daɗe ana karantarwa da shi. Shawarar ta taso ne daga tattaunawarsa da abokinsa Dakta Israel Castellanos, shugaban hukumar tantance mutane ta ƙasar Kyuba, kuma ya samu taimakon wani matashin masanin guba, Sidney Kaye, wanda ya yi karatu a hannun Gettler, da wani lauyan St. Louis mai suna Orville Richardson. A watan Janairun 1948 aka yi taron kwana 3 a makarantar horas da 'yan sandan birnin, inda mutane kimanin 150 suka halarta, aka gabatar da maƙaloli, aka kuma amince a kafa ƙungiya ta dindindin. Taro na biyu, wanda aka yi a watan Janairun 1950 a tsangayar shari'a ta Jami'ar Northwestern da ke Chicago, shi ne ya amince da tsarin mulkin ƙungiyar, kuma Gradwohl ya zama shugabanta na farko.

An raba ƙungiyar tun farko zuwa sassa 7: sashen likitocin da ke gano sanadin mutuwa, da na likitocin ƙwaƙwalwa waɗanda kotu ke tambaya ko wanda ake tuhuma yana cikin hankalinsa, da na masana guba, da na masu nazarin jini da rukunoninsa, da na kimiyyar 'yan sanda, da na masu binciken takardun da ake tababa a kansu kamar wasiyya da cakin banki, sai kuma na masana shari'a. Wannan sashe na ƙarshe shi ne mafi hikimar abin da waɗanda suka kafa ta suka yi, domin ƙungiyoyin likitoci da na masana sinadarai sun riga sun wanzu, amma babu wadda ta zaunar da lauya da alƙali a kujera ɗaya da mai duba madubin likita. Lauya shi ne wanda zai yi amfani da sakamakon gwaji ko ya ƙalubalance shi, don haka kasancewarsa a cikin zauren yana tilasta wa masanin kimiyya ya bayyana abin da ya gano da harshen da wanda ba ɗan fanni ba zai fahimta, ya kuma saba da tambayoyin ƙure tun kafin ya tsaya a akwatin shaida.

A 1956 ƙungiyar ta fara buga mujallarta, Journal of Forensic Sciences, wadda ba ta wallafa maƙala sai wasu masana da ba su da hannu a cikin binciken sun karanta ta sun nuna kurakuranta, kuma har yau tana cikin manyan mujallun wannan fanni a duniya. Taron shekara-shekara, wanda aka daɗe ana yi a Chicago kafin ya fara zagaya birane, ya tsaya a watan Fabrairu. Zama ɗan ƙungiya ma hawa-hawa ne, daga ɗalibi zuwa mai koyon aiki, zuwa sabon memba, zuwa cikakken memba, har zuwa matsayi mafi girma, kuma ba a ɗaga mutum daga wani mataki zuwa na gaba sai ya cika sharuɗɗan sashensa, kamar halartar taruka da gabatar da bincike ko yi wa ƙungiya hidima.

Duk da wannan kyakkyawan tsari, shekarun farko sun nuna cewa ƙungiyar ƙwararru ba ta kuɓuta daga son zuciyar manyanta, kuma babu misalin da ya fi labarin Paul Kirk fito da hakan. A watan Yulin 1954 aka kashe Marilyn Sheppard a ɗakin kwananta da ke wajen birnin Cleveland a jihar Ohio, aka tuhumi mijinta, Dakta Sam Sheppard, kuma babban mai ba da shaida a kansa shi ne jami'in binciken mutuwa na gundumar, Dakta Samuel Gerber, wanda ya gaya wa kotu cewa wani shatin jini da ke kan matashin kai ya yi kama da na kayan aikin tiyata, maganar da ta yi nauyi ƙwarai tun da wanda ake tuhuma likitan tiyata ne. Bayan an ɗaure Sheppard sai lauyoyinsa suka gayyato Kirk, farfesan sinadaran jikin halitta a Jami'ar California da ke Berkeley, wanda a farkon 1955 ya shiga ɗakin ya auna girman ɗigon jinin da ke bango da ƙofofi, da siffarsu, da inda suka dosa. Ɗigon jini idan ya faɗi kai tsaye yakan yi da'ira, idan kuma ya zo a karkace yakan yi tsawo da ɗan wutsiya mai nuna inda ya nufa, kuma daga irin wannan lissafi Kirk ya yanke cewa wanda ya yi dukan bahago ne, alhali Sheppard da hannun dama yake aiki. Kotu ba ta saurari wannan hujja ba sai a shari'a ta biyu a 1966, bayan Kotun Ƙolin Amurka ta rushe hukuncin farko saboda yadda jaridu suka mamaye shari'ar, kuma a wannan karo aka wanke Sheppard bayan ya shafe kusan shekara 10 a kurkuku. Gerber yana cikin masu faɗa a ji a AAFS, kuma masu rubuta tarihin fannin sun danganta rashin shigar Kirk ƙungiyar da adawar da shi da magoya bayansa suka yi masa. Kirk ya rasu a 1970, daga baya kuma sashen da ya shafi aikinsa ya sa wa lambar yabonsa mafi girma sunansa, wanda hakan amincewa ce, ko da ta zo a makare, cewa an yi wa mutumin rashin adalci.

Shekarun 1970 su ne lokacin da ƙungiyar ta faɗaɗa sosai. An buɗe sashen likitocin haƙori a 1970, sannan a 1972 aka buɗe na masu nazarin ƙasusuwan ɗan Adam da mutum 14 kacal, bisa ƙoƙarin Ellis Kerley da Clyde Snow. Waɗannan masana suna iya duban ƙashin ƙugu su ce na mace ne ko na namiji, su auna ƙashin cinya su ƙiyasta tsawon mutum, su kuma duba yadda ƙarshen ƙasusuwa ya haɗe su ƙiyasta shekarunsa, kuma wannan ƙaramin sashe ne ya kai sunan fannin inda ba a taɓa zato ba. A 1984 Snow ya tafi Ajantina bayan faɗuwar mulkin soja, inda ya horas da wasu ɗaliban jami'a yadda ake tono kaburburan mutanen da gwamnati ta ɓatar ba tare da an lalata hujja ba, domin kafin zuwansa da motar haƙa ake tono su, ƙasusuwa suna cakuɗewa suna karyewa. A 1985 ya ba da shaida a shari'ar shugabannin sojan, kuma a wannan shekarar shi da Kerley suna cikin waɗanda suka tabbatar a Brazil cewa wani kwarangwal na Josef Mengele ne, likitan 'yan Nazi na sansanin Auschwitz. Ɗaliban da ya horas sun zama wata tawaga da ta yi aiki a ƙasashe da dama, har da Habasha, inda suka tono gawarwakin mutanen da gwamnatin Mengistu ta kashe.

A shekarun 1970 ne kuma ƙungiyar ta fara aikin da ya fi kowane wahala, wato auna 'ya'yanta. Gidauniyar da ta kafa a 1969 domin bincike da ilimantarwa ta karɓi tallafin gwamnatin tarayya ta gudanar da gwajin ƙwarewa na farko a faɗin ƙasar, inda aka aika wa ɗakunan gwaje-gwaje sama da 200 samfuran jini da fenti da gashi da harsasai waɗanda masu shirya gwajin suka riga suka san asalinsu, aka ce su bincika su kawo amsa. Rahoton da ya fito a 1978 ya girgiza fannin, domin a wani gwajin jini kimanin kashi 70 cikin 100 na ɗakunan sun ba da amsar da ba ta karɓu ba, a wani gwajin fenti kuma kusan rabinsu. Daga wannan zamani ne aka samu dokokin ɗa'a na ƙungiyar, waɗanda suka haramta wa memba ƙarya game da karatunsa ko gogewarsa, da kuma murɗe bayanan da ya gina ra'ayinsa a kansu. An kuma kafa hukumomi masu zaman kansu da ke jarraba mutum su ba shi takardar shaidar ƙwarewa: ta masana guba a 1975, ta likitocin haƙori a 1976, ta masu nazarin ƙashi da ta masu binciken takardu a 1977.

Sai dai takardar shaida tana tabbatar da cewa mutum ya iya bin wata hanya ne kawai, ba ta tabbatar da cewa hanyar kanta gaskiya ce, kuma wannan bambanci ya bayyana a sarari a batun shatin cizo. Aikin asali na likitan haƙori a binciken laifuka shi ne gane gawar da ta ƙone ko ta ruɓe ta hanyar kwatanta haƙoranta da hotunan asibitin da aka ɗauka tun mutumin yana raye, kuma wannan aiki ne mai inganci da ake dogara da shi a haɗurran jiragen sama. Amma daga 1975, lokacin da wata kotu a California ta karɓi irin wannan shaida, da kuma 1979 da aka yi amfani da ita a shari'ar makashin nan Ted Bundy da aka nuna a talabijin, sai likitocin haƙori suka fara iƙirarin cewa suna iya duban tabon cizo a jikin mutum su nuna bakin da ya yi shi. Fata kuwa tana miƙewa, tana kumbura, tana sauya siffa bayan mutuwa, kuma babu wani bincike da ya taɓa nuna cewa tana riƙe shatin haƙori yadda za a iya ware mutum ɗaya daga cikin jama'a.

A gundumar Noxubee ta jihar Mississippi an yi wa wasu yara mata biyu 'yan shekara 3 fyaɗe an kashe su, ɗaya a 1990 ɗaya a 1992, kuma a kowace shari'a wani likitan haƙori mai suna Michael West ya ba da shaidar cewa tabon da ke jikin gawar haƙoran wanda ake tuhuma ne. An yanke wa Levon Brooks, wanda aka tuhuma a shari'ar farko, ɗaurin rai da rai, Kennedy Brewer kuma, wanda aka tuhuma a ta biyu, hukuncin kisa a 1995, bayan West ya ce tabo 19 da ke jikin yarinyar duk nasa ne, alhali wani ƙwararre da masu kare shi suka kawo ya ce cizon ƙwari ne, domin gawar ta kwana a cikin ruwa. Abin da ya sa wannan labari ya shafi tarihin AAFS shi ne cewa tun a 1994, shekara guda kafin a yanke wa Brewer hukunci, kwamitin ɗa'a na ƙungiyar ya ba da shawarar a kori West saboda yadda ya ba da shaida a wata shari'a dabam, shi kuma ya ajiye zamansa memba, amma kotu ta saurare shi duk da haka. An wanke mutanen biyu a 2008 bayan gwajin ƙwayoyin halitta ya kai ga wani mutum guda da ya amsa cewa shi ya kashe yaran biyu. Ƙungiyar ta yi abin da ke cikin ikonta, kuma ikon nata bai wuce rufe wa mutum ƙofar zaurenta ba, domin shiga cikinta na ganin dama ne, ba ta ba da lasisin aiki balle ta ƙwace shi, kuma alƙali ne kaɗai ke yanke wanda zai tsaya a matsayin ƙwararre. Amma akwai laifin da ba za a ɗauke mata ba, wanda shi ne ta hukunta mutum ɗaya ta bar hanyar da ya bi tana ci gaba da samun mazauni a tarukanta har tsawon shekaru.

Gyara na haƙiƙa ya zo ne daga waje. A 1984 Alec Jeffreys na Jami'ar Leicester a Ingila ya gano yadda za a bambanta mutane ta hanyar DNA, wato sinadarin gado da ke cikin ƙwayoyin jiki, kuma wannan hanya ta sha bamban da sauran saboda ta taso daga ɗakunan binciken jami'o'i, tana kuma zuwa da lissafin da ke nuna yawan yiwuwar a samu wani mutum dabam mai irin wannan siffa. Da aka fara sake gwada tsofaffin hujjoji da ita, musamman bayan lauyoyi Barry Scheck da Peter Neufeld sun kafa shirin wanke waɗanda aka ɗaure bisa kuskure a 1992, sai aka ga cewa a cikin ɗaruruwan mutanen da aka wanke akwai da yawa waɗanda shaidar ƙwararru ce ta taimaka wajen ɗaure su. A 1993 Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Daubert cewa alƙalan tarayya su riƙa tambaya ko an gwada hanya, da kuma yawan kuskuren da take yi. Hatta zanen yatsa, wanda aka shafe ƙarni ana ɗauka ba ya kuskure, ya gamu da abin kunya a 2004, lokacin da masana FBI suka danganta wani shatin yatsa daga harin jiragen ƙasa na Madrid da Brandon Mayfield, lauya Musulmi a jihar Oregon, aka tsare shi mako 2 kafin 'yan sandan Sifaniya su nuna cewa na wani ɗan Aljeriya ne, gwamnati kuma ta ba shi haƙuri ta biya shi diyyar dala miliyan 2.

A watan Fabrairun 2009, daidai makon da AAFS ke taronta na shekara a birnin Denver, Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka ta fitar da rahoton da majalisar dokoki ta nema, wanda wani kwamiti ƙarƙashin Mai Shari'a Harry Edwards da masanin ƙididdiga Constantine Gatsonis ya rubuta. Rahoton ya bayyana cewa in ban da gwajin DNA, babu wata hanyar binciken laifuka da aka tabbatar ta hanyar bincike mai tsauri cewa tana iya danganta hujja da mutum guda ko abu guda a kowane lokaci da tabbaci mai ƙarfi, ya kuma ba da shawarwari 13, ciki har da kafa hukuma ta ƙasa mai zaman kanta, da raba ɗakunan gwaje-gwaje da ikon 'yan sanda da masu gabatar da ƙara, da wajabta tantance kowane ɗaki da kowane ma'aikaci. Wasu daga cikin 'yan ƙungiyar sun ji zafin rahoton, suna ganin an rushe aikin rayuwarsu, amma shugabanninta sun bayyana goyon bayansu ga shawarwarin, kuma wannan matsayi yana daga cikin abubuwan da za a yaba mata da su, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Shekara 6 bayan haka, a taron ƙungiyar na 2015 a Orlando, aka gabatar da wani bincike da hukumar likitocin haƙorin kanta ta shirya, inda aka ba ƙwararru kusan 40 masu riƙe da takardarta hotunan raunuka 100, aka fara da tambayar ko hoton ya isa a ce cizon mutum ne ko a'a, kuma bakinsu bai zo ɗaya gaba ɗaya ba sai a kan hotuna 4. A wannan shekarar ce kuma FBI ta amsa cewa ma'aikatanta masu kwatanta gashi da madubin likita sun faɗi abin da ya wuce iyakar kimiyya a sama da kashi 90 cikin 100 na shari'o'in da aka sake dubawa. Cewa an karanta sakamakon binciken cizo a zauren AAFS, a gaban mutanen da ya fi shafa, shi ne ainihin amfanin da Gradwohl ya hango wa ƙungiyar, ko da yake an ɗauki shekara 40 daga shari'ar California kafin a yi gwajin da ya kamata a fara da shi.

Hukumar ƙasa mai zaman kanta da rahoton 2009 ya nema ba ta samu ba, kuma kwamitin ba da shawara da gwamnatin tarayya ta kafa a 2013 an rufe shi a 2017. Wani ɓangare na wannan nauyi ya dawo kan AAFS, wadda a 2015 ta kafa hukumarta ta tsara ƙa'idojin aiki, wato takardun da ke fayyace yadda za a yi kowane gwaji, da irin horon da mai yin sa zai samu, da kalmomin da aka yarda ya yi amfani da su wajen bayyana sakamako, kuma ana fitar da daftarin kowace ƙa'ida a fili domin jama'a su yi gyara kafin a amince da ita. Tana kuma da hukumar da ke tantance kwasa-kwasan jami'o'i, wadda ta zama dole bayan fina-finan binciken laifuka na talabijin sun sa ɗalibai sun yi ta tururuwa zuwa fannin, makarantu kuma suka yi ta buɗe kwasa-kwasai marasa isasshen ilimin sinadarai da na halitta. Sassanta sun kai 12 bayan ƙarin na injiniyoyi, da na binciken kwamfuta da wayoyin hannu a 2008, da na ma'aikatan jinya masu kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe ko duka a 2022. Hedkwatarta tana Colorado Springs, kuma membobinta sun haura 6,000 daga ƙasashe kimanin 70.

Wasu ƙasashe sun kafa nasu a kusan wannan zamani, kamar Kanada a 1953 da Birtaniya a 1959, inda ƙungiyar da Stuart Kind ya assasa ta samu takardar amincewar masarauta a 2014. Nijeriya ma ta gaji muƙamin jami'in binciken mutuwa daga Ingila kamar yadda Amurka ta gada, jihar Legas ta sake dokarta kan haka a 2007 ta kuma buɗe cibiyar gwajin DNA a 2017, shekara 5 bayan haɗarin jirgin Dana, wanda sai da aka aika samfura Birtaniya kafin a iya gane gawarwaki da yawa. Yayin da irin waɗannan cibiyoyi ke ƙaruwa, hujjar ƙwararru za ta ƙara yawa a kotunan ƙasar, kuma ya wajaba a kan lauyoyi da alƙalai da 'yan jarida su riƙa tambayar duk wanda ya zo da sakamakon gwaji ko an taɓa jarraba hanyar da ya bi da samfurin da aka riga aka san amsarsa, sau nawa ta yi kuskure, kuma wa ya duba aikinsa ban da wanda ke biyansa albashi.